Hula Mai Kunne Ɗaya

Ranar Talata, da ƙarfe goma da kwata na safe, Hajiya mai gidan da muke haya ta miƙa wa Kawuna makullin shagon bakin titi, shi kuwa ya mai da hannuwansa baya ya ƙi karɓa.

Ya kamata in bayyana matsayin wannan shago, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya faru. Gidan namu dogo ne, ɗakuna a jere suna duban tsakar gida guda, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Shago ɗaya tak gare shi, mai ƙofar ƙarfe da ke fuskantar titi, kuma mai fentin da ke ciki ya tashi. Kawu, ƙanen mahaifiyata, tela ne. Kekensa na ɗinki yana cikin ɗakin kwanansu, a ƙarshen gado, ta yadda matarsa ba ta iya miƙe ƙafa ba tare da ta bugi ƙarfe ba. Masu kawo ɗinki kuwa a tsakar gida ake auna su, tsakanin famfo da shanyar mutane. Matar Kawu ta daɗe tana bin Hajiya da gaisuwa da lallashi har ta amince a ba su shagon, alhali Mai Wanki, wanda ke guga a kan tebur a bakin ƙofar gida, shi ma ya nema, kuma ya riga su nema.

"Karɓi mana, Tela," in ji Hajiya. "Hannuna ya gaji."

"Hajiya, in don ɗinki ne, bar shi. Na wuce nan."

"Ka wuce ina?"

"Laburare zan buɗe."

Matarsa, wadda ke tsaye da bokitin ruwa, ta ajiye bokitin a hankali.

"Da waɗanne littattafan?" in ji Hajiya. "Ni dai a ɗakinku kalanda kawai na sani, ita ma ta bara ce."

Kawu ya zaro wayarsa daga aljihu, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. "Dubu huɗu, Hajiya. Suna nan ciki. Babu kanta, babu ƙura, babu gara. Mutum zai shigo shago ya zauna, ya faɗi irin ilimin da yake bukata, ni kuma in zuba masa."

Asalin al'amarin shi ne, a makon da ya gabata Kawu ya kai wayarsa wurin Mai Gyaran Waya na kan kwana don a canza masa bakin caji. A nan Mai Gyara ya nuna masa wani shafi na intanet inda ake samun tsofaffin littattafan adabi kyauta, waɗanda marubutansu suka daɗe da rasuwa har hakkin mallakarsu ya ƙare, kowa na iya sauke su ya karanta a wayarsa. Abu ne mai kyau, ba na kushe shi. Sai dai Kawu, daga duk bayanin, kalmar kyauta kaɗai ya riƙe. Ya yi ta saukewa har wayar ta yi zafi kamar dutsen gugar Mai Wanki, kuma ya dawo gida da tabbacin cewa abin da ya shiga aljihun gaban riga ya riga ya shiga ƙirji, tunda tazarar ba ta da yawa. Tun ranar ya raɗa wa kansa suna Rumbun Ilimi. Maƙwabta, don sauƙi, suka tsaya a Rumbu.

"Ka karanta su?" Hajiya ta tambaya.

"Duka."

"A mako guda?"

"Ni ba irin karatunku nake yi ba."

Hajiya mace ce mai tabarau biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na duban mutane. Ta cire na karatun ta sa ɗayan, ta dube shi sosai, sannan ta mai da makullin cikin jakarta.

"To. Ranar Asabar da yamma zan zauna a tsakar gidan nan, ka nuna mana laburaren naka a gaban kowa. In ya gamsar da ni, shago naka ne, ka zuba abin da ka ga dama. In bai gamsar da ni ba, ga Mai Wanki can rana na dukansa."

"Hajiya, ki ba ni makullin ni," in ji matar Kawu.

"'Yata, ke ba kya ɗinki, mai keken kuma ya ce ya wuce nan."

Daga bakin ƙofa Mai Wanki ya yayyafa wa wata riga ruwa, ya ce Allah ya kai mu Asabar, da wata irin murya ta mutumin da ya fara auna faɗin shago a ransa.

Masifa ta farko da yammacin ranar ta iso. Lokacin da Kawu ke sauke littattafai, wayar ta sanar da shi cewa ta cika, sai an share wani abu. Kawu ya share hotuna duka, cikinsu har da na samfurin ɗinkin da mata ke turo masa. Da ya zo yanka yadin matar Direba, maƙwabciyarmu a gidan, bai ga hoton da ta turo ba, kuma bai ga dalilin da zai sa Rumbun Ilimi ya sake tambayar mace ba. Sai ya buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan, ya ga zanen wata baiwar Allah ta zamanin da a bango, ya ɗinka abin da ya gani.

Matar Direba ta fito daga ɗakinta, inda ta shiga gwadawa, hannuwan rigar sun kumbura kamar an hura musu iska, wuyan ya hau har haɓa, bayan kuma yana share ƙasa.

"Tela, mene ne wannan?"

"Adabi ne."

"Ni riga na kawo."

"Matan manya haka suke sawa shekaru ɗari biyu da suka wuce."

"To ka kai wa su. Ni jibi zan fita da ita, kuma ta ƙofar nan ma ba na iya wucewa sai na karkace."

"Ki riƙa karkacewa. Su ma haka suke yi."

Ta ce masa abubuwa da dama waɗanda tarbiyyata ba ta yarda in rubuta ba.

Washegari Mai Gyaran Waya ya shigo shan ruwa a famfo, Kawu ya tare shi yana nuna masa jerin littattafan a gaban jama'a. Mai Gyara ya leƙa, ya ce, ba da wata manufa ba: "Ka ga wannan siririn layin da ke ƙarƙashin kowane littafi? Shi ke cika yayin da mutum ke karantawa. In ka gama, sai ya nuna ɗari bisa ɗari."

Mai Wanki ya ajiye dutsen guga ya zo ya leƙa shi ma.

"Rumbu, naka duk fari fat. Kamar ni na wanke su."

"Manhajar ce ba ta iya bin gudun karatuna."

"Ai kuwa ka bar ta a baya sosai. Ko tashi ba ta yi ba."

Kawu ya shige ɗaki ya saki labule. Ya gane cewa Hajiya na iya neman ganin layukan nan ranar Asabar, saboda haka ya zauna a kan kujerar keke ya shiga jan shafuka da babban yatsa, shafi bayan shafi, idanunsa na kan silin. Wunin ranar haka ya yi shi. Na shiga gaishe shi bayan na dawo daga aiki, na tarar ya cika layukan littafi goma sha ɗaya, yatsan kuwa ya yi suntum.

"Malam," in ji matarsa, "karatu kake yi ko shafa wa wayar mai?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane zaren nan da ka kasa zurawa a allura tun safe."

Da yatsan ya ƙi aiki, sai ya sa masa 'yar hular ƙarfen da teloli ke sawa in suna ɗinkin hannu. Ya ja shafi, shafi ya ƙi tafiya. Ya ƙara dannawa. Ya ƙi. Ya danna da ƙarfin mutumin da ya karanta littafi dubu huɗu, gilashin ya ce ƙas, rabin fuskar wayar na hagu ya yi baƙi ƙirin. Daga lokacin, ko da Kawu ya yi niyyar karatu, rabin kowace jimla kawai zai samu.

Ranar Alhamis ya koma kan kwana. Mai Gyara ya juya wayar ya ce irin gilashinta sai an aiko da shi, ba zai iso kafin Asabar ba.

"Amma Kawu, me ya kai ka jan shafi ɗaya-ɗaya? Ai da ka ja layin nan zuwa ƙarshe, sau ɗaya ya cika."

"Na sani," in ji shi. "Ba na son ha'inci."

Don ya rage masa zafi, Mai Gyara ya nuna masa cewa manhajar tana da murya, tana iya karanta wa mutum littafi yana sauraro. Ya kuma ara masa iyafis, wato ɗan abin sauraron nan da ake cusawa a kunne, marar igiya. Ya yi masa bayani cewa in aka taɓa shi sau ɗaya karatu zai tsaya, in kuma kira ne ya shigo, taɓawar ita ce amsawa. Kawu bai saurari wannan ba, domin a daidai lokacin babbar dabararsa ta sauko masa.

Da ya dawo gida ya tsaya a tsakar gida ya yi shela cewa ranar Asabar ba nuna littafi zai yi ba. Hajiya ta zaɓi duk wanda ta ga dama cikin dubu huɗun, shi kuma ya kawo shi da ka.

Juma'a gaba ɗaya a gwaji ta ƙare. Muna jin sa ta labule yana maimaita abin da muryar ke faɗa masa. Da farko yana tuntuɓe, domin duk lokacin da ya tsaya fahimtar jimla sai ta gaba ta wuce shi. Can ya gano maganin abin, ya fito yana murna ya gaya wa matarsa.

"Sirrin shi ne kada ka yi tunani. Magana ta shiga ta kunne ta fita ta baki, kada ta biya ta kai."

"Malam, wannan ai ba sabon abu ba ne a wurinka."

"Ki yi ta yi. Ranar da kika zama matar mai laburare za ki gode."

"Ni matar mai shago nake so in zama. Ka je ka ba Hajiya haƙuri tun da sauran lokaci."

Maimakon haka sai ya hau keke. Da ragowar yadin matar Direba, mai furanni, ya ɗinka wa hularsa wani murfi da ya sauko ya rufe kunnen dama. Ɗinkin ya yi kyau, dole in faɗi gaskiya, domin Kawu in ya tsaya a ɗinki babu abin da za a ce masa.

"Rumbu, ciwon kunne kake yi?" in ji Mai Wanki.

"Haka manyan marubuta ke sa hula."

"To ɗaya kunnen fa?"

"Shi na bar wa jahilai, don su samu inda za su yi magana."

Ranar Asabar da yamma aka kwashe shanya, aka jera benci. Hajiya ta zauna a kujerar roba, jakarta a cinya. Mutanen gida duka sun fito, har da matar Direba, wadda ta zo da fushinta. Mai Wanki ya matso da teburinsa ciki don kada aiki ya hana shi kallo. Matar Kawu ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinsu, hannu a ƙirji.

Hajiya ta ja jerin littattafan da yatsa, ta tsaya a kan ɗaya ba tare da zaɓe ba. Kawu ya karɓi wayar, ya ce bari ya ga sunan, ya danna abin da zai danna, ya kife ta a kan tebur.

"Kowa ya shaida, na ajiye ta."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu ɗaya, ya lumshe ido. Abin da bai sani ba, domin a gwaji daga tsakiyar littafi ya yi ta kamawa, shi ne cewa irin waɗannan littattafai na kyauta sukan fara da dogon bayanin sharuɗɗa kafin a kai ga labari, kuma muryar ba ta tsallake komai.

"Wannan littafi," Kawu ya fara, da murya mai nauyi, "an tanade shi ne domin amfanin kowa, a ko'ina, ba tare da biyan komai ba. Kana iya kwafarsa. Kana iya bayar da shi." Ya dafa ƙirji. "Kana iya sake amfani da shi, bisa sharuɗɗan da ke tafe. Sashe na ɗaya, sakin layi na farko."

Ya kai sashe na uku kafin Hajiya ta yi gyaran murya.

"Tela, wannan shi ne labarin?"

Ya taɓa hular, muryar ta tsaya. "Shimfiɗa ce, Hajiya. Mutanen da ba su da gaggawa."

"Mai littafin ya ce kowa na iya samu kyauta a ko'ina," in ji matar Direba. "To shagon na mene ne?"

"Kada a katse adabi."

Ya ɗauki wayar da sunan duba lokaci, da nufin ya tsallake sharuɗɗan. Amma maɓallin tsallakewa yana ɓangaren da ya yi baƙi, yatsa kuma a kumbure yake, sai ya danna na ƙara sauri. Ya kife wayar, ya buɗe baki, abin ya kwashe shi.

"Abubuwandakeciki babinaɗayashafinabiyar babinabiyushafinashatara babinaukushafinatalatindaɗaya..."

"A hankali, Rumbu," in ji Mai Wanki, "motar ba ta cika ba."

Gumi ya keto masa. Ya sake duba lokaci, ya danna ta ɗaya gefen har ya wuce kima, muryar ta koma ja kamar mai ciwon baya. A haka, cikin ikon Allah, aka iso farkon labarin, kuma jinkirin ya dace da shi.

"A shekarar da kogin ya ƙafe," in ji Kawu, kalma bayan kalma, "wani mai kwalekwale ya sauka yana tafiya da ƙafa a inda ya saba tuƙi. A tsakiyar kogin, cikin busasshen laka, sai ya ga ƙofa. Ƙofa ce ta katako, a kwance, an kulle ta daga ciki."

Matar Direba ta manta da fushinta. Ni kaina na matso gaba. Mai kwalekwalen ya durƙusa, ya kara kunne a jikin ƙofar, ya ji ana tafiya a ƙarƙashi. Hajiya ta buɗe jakarta, kuma na ga hannunta ya shiga inda makullin yake.

Sai dai inuwa ta riga ta rufe tsakar gidan, yadin matar Direba kuma marar kauri ne. Ta cikin furannin hular wani ɗan haske shuɗi ya fara bayyana, yana kunnuwa yana mutuwa.

"Rumbu," in ji Mai Wanki a hankali, "kunnenka na walƙiya."

Kawu bai ji ba, ya kai inda magana ba ta biyawa ta kai. Hajiya ta fito da hannunta daga jaka, ba makulli ta ɗauko ba, tabaran duban mutane ne. Matar Kawu ta ga wannan. Ta sulale cikin ɗaki, ta ɗauki wayarta, ta kira mijinta don ta cece shi.

Ƙarar kira ta shiga kunnen Kawu, ya kai hannu ya mari hular don ya kashe ta. Ya amsa ke nan. Ya ci gaba, ido a lumshe, hannu a sama, da muryar nan mai nauyi:

"Malam, ni ce. Abin kunnen nan yana haske, kowa na kallo. Ka tsaya haka nan." Ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa. "Ka ce wa Hajiya wasa kake yi, ɗinki za ka yi a shagon. Ko shafi ɗaya ba ka karanta ba, ni da kai mun sani. Na gaji da bugun ƙafa da kekenka."

Hajiya ta ɗora tabaran a hanci.

"Malam," Kawu ya ɗora, cikin tausayi, "maimaitawa kake yi? Na shiga uku. Yi shiru. Malam, na ce ka yi shiru."

A nan ya buɗe ido. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, waya a kunne. Mai Wanki ya kifa kai a kan teburin guga, kafaɗunsa na rawa. Direba ya faɗo daga benci.

"Salon marubucin ne," in ji Kawu. "Yakan sako muryar mace a tsakiya."

"Cire hular," in ji Hajiya.

Ya cire. Iyafis ɗin ya faɗo ya gangara har gaban Mai Gyaran Waya, wanda ya ɗauka, ya goge, ya sa a aljihu.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta fito da makullin ta riƙe shi a tafin hannu.

"Tela, hular nan ɗinkinta ya yi kyau. Saboda yarinyar nan, matarka, zan tambaye ka sau ɗaya. Ka ce ba ka karanta ba, ka ce keke za ka sa a shagon, in ba ka yanzu."

Matarsa ta dube shi. Mu duka muka dube shi. Kawu ya dubi makullin, ya dubi jama'a, ya gyara wuyan riga.

"Hajiya, ban ce ban karanta ba. Abin kunnen nan don tuni ne kawai."

"To me ke bayan ƙofar?"

"Wace ƙofa?"

"Ta cikin kogin. Wadda ka gama faɗa mana yanzu."

"Akwai kogi?" in ji Kawu.

Hajiya ta miƙa hannu gefe ba tare da ta juya ba, Mai Wanki ya goge tafinsa a jikin wando ya karɓi makullin da hannu biyu. Sannan ta kira Mai Gyaran Waya ta ce ya sa mata littafin nan a wayarta, tana so ta ji abin da ke bayan ƙofar. Matar Direba ta ce ita ma. Kafin a ɗauke benci ya sa wa duk mai waya a gidan, har da matar Kawu, kyauta, kamar yadda Kawu ya sanar a shimfiɗar littafin.

Ranar Litinin Mai Wanki ya shigar da teburinsa da dutsen gugarsa cikin shagon. Matar Kawu ta gama littafin, kuma ta ƙi gaya wa mijinta abin da ke bayan ƙofar. Keken ɗinkin yana nan a ƙarshen gado.